Filin 'Yan Sha Ɗaya da Filin Dubbai: Tarihin Wasannin Cikin Gida a Jami'ar Michigan

A garin Ann Arbor da ke jihar Michigan ta Amurka akwai gine-gine biyu na wasanni da tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce tafiyar 'yan mintoci a ƙafa ba, kuma shekara ɗaya tak ta raba buɗe su. Na farko shi ne babban filin da tawagar Jami'ar Michigan take buga ƙwallon Amurka (wasan da ake rungumar ƙwallo a gudu da ita, ba irin ƙwallon ƙafarmu ba), wanda aka buɗe a 1927, wanda a yau yake ɗaukar 'yan kallo 107,601, kuma babu filin wasa a Amurka da ya kai shi girma. Na biyu wani dogon gini ne na jan bulo a kan titin Hoover, wanda aka buɗe a 1928, kuma shi ne gini na farko da wata jami'a a ƙasar ta gina takanas domin ɗaliban da ba sa cikin tawagar makaranta su samu wurin wasa. A na farkon, mutum sha ɗaya ne daga kowane ɓangare suke gumi, sauran jama'a suna zaune suna kallo. A na biyun, wanda duk ya shiga da niyyar ya yi gumin da kansa ya shiga. Tarihin wasannin cikin gida a jami'o'in Amurka, in aka bi diddiginsa, labarin ja-in-ja ne tsakanin waɗannan gine-gine biyu: wane ne ya cancanci fili, kuma daga aljihun wa kuɗin filin zai fito.

Ya kamata a fara warware sunan. Kalmar da Amurkawa suke amfani da ita, wato intramural, daga Latin aka samo ta, kuma ma'anarta ita ce abin da ke cikin ganuwa. Bahaushen da ya san bambancin ɗan cikin birni da ɗan waje ba zai sha wahalar gane hoton ba. Wasan cikin ganuwa shi ne wanda ɗaliban makaranta ɗaya suke karawa da junansu, aji da aji, ko ɗakin kwana da ɗakin kwana, ko tsangaya da tsangaya, saɓanin wanda jami'a take zaɓen gwanayenta ta tura su waje su kara da wata jami'ar. Duk wanda ya yi makarantar kwana a Najeriya ko Gana ya ɗanɗani irinsa a gasar gida-gida, ranar da ake raba ɗalibai da launin riga, wannan ja, wancan kore. Wannan al'ada daga makarantun kwana na Ingila ta zo mana, kuma Amurkawa ma sun ɗebi wani abu daga can, musamman daga Oxford da Cambridge inda kwalejojin jami'a ɗaya suke tseren kwale-kwale tsakaninsu. Sai dai a Amurka abin ya bi wata hanya tasa daban, har ya zama sana'a mai ma'aikata da ƙungiya da kasafin kuɗi na miliyoyin daloli.

Abu na farko da mai bin tarihin zai lura da shi shi ne ba hukumomin makaranta ne suka ƙirƙiro waɗannan wasanni ba. Kwalejojin Amurka na farkon ƙarni na 19 akasarinsu malaman coci ne suke shugabantarsu, kuma da yawansu suna kallon wasa a matsayin ɓata lokaci da zubar da mutuncin ɗalibi. Ɗaliban ne suka nemar wa kansu mafita. A Harvard, tun wajen 1827, 'yan aji ɗaya da 'yan aji biyu suna haɗuwa a ranar Litinin ta farkon zango su buga wani wasan ƙwallo da ya fi kama da dambe, har aka yi wa ranar laƙabi da Litinin mai jini, kuma hukumar makarantar ta haramta shi a 1860. A Princeton, a 1857, sababbin ɗalibai sun haɗa ƙungiyar besbol suka ƙalubalanci na gaba da su, kuma ana yawan kawo wannan karawa a matsayin ɗaya daga cikin gasannin cikin gida na farko da aka tsara. Babu koci, babu alƙalin wasa na haya, babu ko sisin makaranta a ciki. Ɗalibai suke yin karo-karo su sayi ƙwallo, su share fili, su yanke hukunci da kansu.

Daga nan sai wasan waje ya taso ya shanye komai. Harvard da Yale sun yi tseren kwale-kwale a 1852, Rutgers da Princeton suka buga ƙwallon ƙafa a 1869, kuma kafin ƙarnin ya ƙare jami'o'i sun gano cewa nasara a fili tana jawo suna, suna kuma yana jawo ɗalibai da gudummawar tsofaffin ɗalibai. Michigan ta buga wasanta na farko da wata makaranta a 1879. A 1901 ta ɗauko Fielding Yost a matsayin koci, kuma a shekararsa ta farko tawagarsa ta ci maki 550 ba tare da an ci ta ko ɗaya ba. Irin wannan bajinta ta sa hankali da kuɗi da filaye masu kyau duk suka koma kan 'yan tsirarun da ke cikin tawaga, ragowar dubban ɗalibai suka zama masu tafi da waƙa a kan benci. Ga kuma haɗarin da ƙwallon Amurka na wancan zamani yake tattare da shi, domin a kakar 1905 kaɗai jaridu sun ƙirga mutuwar 'yan wasa kusan ashirin, a shekarar ce kuma Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan manyan jami'o'i zuwa fadarsa, kuma a 1906 aka kafa ƙungiyar da daga baya, a 1910, ta zama NCAA, mai tsara dokokin wasannin da jami'o'i suke yi tsakaninsu.

A cikin wannan yanayi ne malamai suka fara yin wata tambaya mai nauyi: idan da gaske ne wasa yana gina jiki da hali, kamar yadda masu kare ƙwallo suke iƙirari, to me ya sa aka keɓe wannan alheri ga mutum talatin ko arba'in waɗanda dama su ne suka fi kowa ƙarfi? Hujjar da aka kafa don kare tawagar jami'a ita ce ta juyo ta zama hujjar neman haƙƙin sauran ɗalibai. Michigan tana da zauren motsa jiki na Waterman tun 1894, wanda aka gina bayan wani mai suna Joshua Waterman ya ba da dala 20,000 bisa sharaɗin a tara kwatankwacinta, amma abin da ake yi a ciki atisaye ne na dole, a jere, bisa umarnin malami, kuma matasa ba sa ƙaunarsa kamar yadda suke ƙaunar gasa. A gefe guda kuma, gasannin da ɗalibai suke shiryawa da kansu sun yi yawa har sun fi ƙarfinsu, ana rigima a kan wa zai yi amfani da fili, ana jin raunuka babu mai kula. Saboda haka a 1913 Michigan da Jami'ar Jihar Ohio suka buɗe sassan wasannin cikin gida na farko a ƙasar, kowacce ta ɗora ma'aikaci a kai, Floyd Rowe a Michigan, John Wilce a Ohio.

Wannan mataki yana da fuska biyu, kuma adalci shi ne a ambaci duka. Ya ba ɗalibai fili da kaya da jadawali da alƙalan wasa. Amma kuma ya karɓe ragamar daga hannunsu, abin da suka ƙirƙira da kansu ya koma ƙarƙashin ofis. Wasu kociyoyi ma da farko sun goyi bayan shirin ne don suna ganinsa a matsayin gonar da za su riƙa tsintar gwanayen da suka kuɓuce musu. An ɗauki lokaci kafin a yarda cewa wasan ɗalibin da ba zai taɓa shiga tawaga ba yana da daraja a karan kansa.

Mutumin da ya fi kowa aiki wajen tabbatar da wannan ra'ayi shi ne Elmer Mitchell, wanda ake kira uban wasannin cikin gida. Tsohon ɗalibin Michigan ne, ya buga mata besbol, shi ne kuma kocin farko na tawagar ƙwallon kwando lokacin da aka farfaɗo da ita a 1917, sannan a 1919 ya bar wannan kujera ya karɓi sashen wasannin cikin gida. Lokacin ya yi masa daidai, domin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tona wani asiri: kusan kashi ɗaya cikin uku na samarin da aka auna don aikin soja an same su ba su da ƙoshin lafiyar da ake bukata, kuma hakan ya tayar wa hukumomi hankali. Mitchell bai tsaya ga wa'azin lafiya ba, tsari ya gina. Ya fahimci cewa ɗalibi ba ya fita cikin sanyin Michigan don likita ya ce motsa jiki yana da kyau, yana fita ne don abokan gidansu suna jiransa kuma in bai zo ba za su sha kaye. Don haka aka raba gasa bisa rukunin da ɗalibi yake jin nasa ne, kamar ajinsa, ko tsangayarsa, ko gidajen 'yan'uwantaka da samari suke zama tare a ƙarƙashin suna ɗaya, ko kuma rukunin waɗanda ba sa cikin kowace ƙungiya.

Dabarar da ta fi burge ni a tsarin da ya bazu daga wannan zamani ita ce lissafin makin shekara. Maimakon kowane wasa ya ƙare da kofinsa, sai a riƙa tara wa kowane rukuni maki tun daga farkon shekarar karatu har ƙarshenta, a ƙwallon kwando da ninƙaya da kokawa da guje-guje da sauransu. Akwai makin nasara, amma akwai kuma makin shiga gasar kawai, sannan rukunin da ya yi rajista ya ƙi zuwa fili ana zaftare masa. Sakamakon haka shi ne gidan da yake da zakaru biyar kaɗai ba zai iya cin kofin shekara ba, dole ne ya lallashi ɗan siririn da ke ɗakin ƙarshe ya fito ya wakilce su a wani wasa. Da alƙalami da takardar lissafi aka mayar da raunanan ɗalibai mutanen da ake nema. Mitchell ya tattara irin waɗannan dabaru a littafin da ya wallafa a 1925, wanda shi ne littafi na farko a kan fannin, kuma daga gare shi sauran jami'o'i suka riƙa kwafa.

Bai tsaya a jadawali ba. Ƙwallon Amurka yana bukatar kwalkwali da sulke masu tsada, kuma yana karya ƙashin wanda bai samu horo ba, saboda haka bai dace da ɗaruruwan ɗalibai masu fitowa da yamma ba. A 1921 Mitchell ya haɗa wani sabon wasa mai suna speedball, wanda ya aro daga ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando da ƙwallon Amurka: in ƙwallo tana ƙasa da ƙafa ake buga ta, in an ɗago ta sama da ƙafa sai a cafe a riƙa jefa wa juna da hannu. Ƙwallo ɗaya da fili sun wadatar. Wasan ya yaɗu a makarantun Amurka, musamman a darussan motsa jiki.

Batun gini shi ne inda siyasar ta fi fitowa fili. Yost ya zama daraktan wasanni na jami'ar a 1921, kuma burinsa shi ne katafaren filin ƙwallo, domin tsohon filin Ferry ya yi wa 'yan kallo kaɗan. Malamai da dama suka ƙi, suna ganin ƙwallo ta riga ta rinjayi karatu, kuma hukumar gudanarwar jami'ar ba ta amince da bukatar ba a karon farko. Aka kafa kwamiti ƙarƙashin Edmund Day, shugaban makarantar nazarin kasuwanci, kuma rahoton da ya fitar a 1926 ya goyi bayan sabon fili, amma ya haɗa shi da bukatar a samar wa dukkan ɗalibai wuraren wasa. Yost ya rungumi taken wasanni ga kowa. Ko don ya yi imani da shi ne, ko don shi ne mabuɗin filin da yake so, ko kuma duka biyun, abin da ya tabbata shi ne ya cika alƙawari. An sayar da takardun lamuni na dala 500 kowacce, wanda ya saya yana samun damar sayen tikitin kujera mai kyau na tsawon shekara goma, kuma kuɗin shiga na ƙwallo ne ya riƙa ɗaukar nauyin gine-ginen. Haka aka samu filin 1927, aka samu ginin wasannin cikin gida na 1928 a kan kuɗi kimanin dala 743,000.

Ginin ya cancanci a leƙa cikinsa. Babban zaurensa yana ɗaukar filayen ƙwallon kwando huɗu a jere, ta yadda rukuni takwas za su iya wasa a lokaci guda. A ƙarƙashinsa akwai ƙananan ɗakuna masu bango huɗu fiye da ashirin, na wasan sikwash da na wani wasa da ake dukan ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, mai kama da wasan Fives da aka sani a Katsina da Zariya. Akwai wurin ninƙaya, kuma bangon da ya raba shi da ƙaramin zauren da ke kusa an yi shi ne ta yadda za a iya ɗaga shi sama, a jera kujeru ranar da ake gasar ninƙaya, in an gama a sauke bangon zauren ya koma wurin wasa. Wannan bango ya bayyana tunanin maginan sarai: wurin 'yan kallo na aro ne, wurin 'yan wasa shi ne na dindindin. A cikin waɗannan ƙananan ɗakuna ne wani malamin sashen, Earl Riskey, ya lura da 'yan wasan tanis suna shigowa lokacin hunturu suna dukan ƙwallo a bango don kada hannunsu ya mutu. Ya sassaƙa faifan katako mai mariƙi, ya jiƙa ƙwallon tanis a fetur har gashin jikinta ya saluɓe ya bar robar ciki mai sauƙi da tsalle, kuma a 1930 aka samu wasan paddleball, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin tushen racquetball, wani wasan dukan ƙwallo a bango da raket.



Sai dai kalmar kowa da ke cikin taken Yost ba ta game kowa ba. Michigan ta fara karɓar mata a 1870, amma ginin titin Hoover don maza aka yi shi. Mata suna da nasu zauren, Barbour, wanda aka gina a ƙarshen ƙarni na 19 a jikin Waterman, suna da ƙungiyar wasanninsu tun 1905, kuma an gina musu wani ƙaramin gini a filin Palmer a 1928. Wurin ninƙaya nasu na kansu bai samu ba sai a 1954, shekara 26 bayan na maza, kuma daga baya aka sa masa sunan Margaret Bell, likitar da ta shafe fiye da shekara talatin tana jagorantar sashen motsa jiki na mata. Abin lura a nan shi ne malaman mata na wancan zamani, a faɗin ƙasar, da gangan suka guji gasar tsakanin jami'o'i, domin sun ga abin da kuɗi da 'yan kallo suka yi wa wasan maza. A 1923, ƙarƙashin jagorancin Lou Henry Hoover, matar Herbert Hoover wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, suka kafa reshen mata na wata ƙungiyar wasanni ta ƙasa da manufar kowace yarinya ta samu wasan da za ta yi. Suna shirya ranakun wasa inda 'yan mata daga makarantu daban-daban suke haɗuwa a cakuɗa su cikin rukunoni, don kada a ce wata makaranta ta doke wata. Ta wata fuskar, su ne suka fi maza riƙo da ainihin manufar wasan cikin gida. Ta wata fuskar kuma, wannan tsari ya rufe ƙofa ga yarinyar da Allah ya ba baiwa ta musamman, ya kuma ba hukumomi uzurin kashe wa mata ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Akwai wani rukunin da aka bari a baya, kuma daga cikinsu ne ƙungiyar wannan sana'a ta fito. William Wasson, baƙar fata ne mai koyarwa a Jami'ar Dillard da ke New Orleans, ya yi karatu a Michigan a shekarun 1940 inda ya koyi fannin a wurin Mitchell. A 1948 ya samu tallafin gidauniyar Carnegie ya zagaya kwalejojin baƙaƙen fata yana nazarin yadda suke tafiyar da wasannin cikin gida, a lokacin da dokokin wariya suka hana ɗalibansu shiga yawancin jami'o'in kudancin ƙasar. A ranar 22 ga Fabrairu, 1950, ya tara mutum 20 daga irin waɗannan kwalejoji 11 a Dillard, suka kafa ƙungiyar wasannin cikin gida ta ƙasa, wadda a 1975 ta sauya suna zuwa NIRSA, kuma a yau ita ce uwar ƙungiyar ma'aikatan wannan fanni a Amurka da Kanada. Kaɗan ne daga cikin ƙungiyoyin ƙwararru na Amurka suka fara daga hannun baƙaƙe sannan farare suka shigo daga baya. Amma ita ma ta yi nata tuntuɓen, domin duk da cewa akwai mata a taron farko, a 1959 mambobi suka kaɗa ƙuri'ar fitar da mata, kuma ba a sake buɗe musu ƙofa ba sai a 1971.

Shekara ɗaya bayan haka doka ta shigo. A ranar 23 ga Yuni, 1972, Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a kan gyaran dokar ilimi mai ɗauke da sashen da aka fi sani da Title IX, wanda ya hana nuna bambancin jinsi a duk makarantar da take karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Mutane sun fi tuna tasirinsa a kan tawagogin jami'a, amma ƙa'idojin aiwatarwa na 1975 sun ambaci wasannin cikin gida ƙarara. A Michigan, kamar sauran wurare, sassan maza da na mata suka haɗe, aka buɗe gasannin da ake cakuɗa jinsi a rukuni ɗaya. A 1976 jami'ar ta buɗe sababbin gine-ginen motsa jiki biyu, ɗaya a harabar tsakiya ɗaya a ta arewa, duka na maza da mata, sannan a 1977 aka rushe Waterman da Barbour.

Sunan waɗannan sababbin gine-gine ma ya nuna wani sauyin. Ba a kira su gidajen gasa ba, an kira su gidajen nishaɗi da motsa jiki. Tun ƙarshen shekarun 1960 Amurkawa suka shiga yayin sassarfa da safe da motsa jiki don lafiyar zuciya, kuma ɗalibai da yawa suka fara neman wurin da za su shiga su kaɗai, a lokacin da suka ga dama, su ɗaga ƙarfe ko su yi iyo su fita, ba tare da rukuni ko jadawali ba. Sashen da Mitchell ya gina a kan gasa sai ya faɗaɗa ya ƙunshi darussan motsa jiki na rukuni, da kulob-kulob na wasanni da ɗalibai suke gudanarwa da kansu har su kara da wasu makarantu, da tafiye-tafiyen daji da hawan duwatsu. Gasar cikin gida ta zama reshe ɗaya a cikin rassa. A nan akwai riba, domin ɗalibin da gasa take tsorata shi ya samu wuri. Amma ina ganin akwai hasara da ba a cika ambata ba. Injin gudu ba ya ƙwanƙwasa wa mutum ƙofa ya ce ana jiransa a fili, kuma wanda ya toshe kunnuwansa da waya yana gudu shi kaɗai zai iya shekara huɗu a zauren bai san sunan na kusa da shi ba. Tsohon lissafin makin shekara yana ƙulla zumunci tsakanin mutanen da ba don shi ba da ba za su gaisa ba, kuma ga baƙon ɗalibi da ya zo daga nesa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sauyi mafi girma, duk da haka, a aljihu ya faru. Yarjejeniyar zamanin Yost ita ce ƙwallo ta samo kuɗi, ragowar ɗalibai su ci albarkacinta. Da tafiya ta yi tafiya, kuɗin tafiyar da tawagogi ya yi ta hauhawa, albashin kociyoyi da tallafin karatun 'yan wasa da tafiye-tafiye suka cinye abin da ake samu, kuma a jami'o'i da yawa aka cire sashen nishaɗi daga ƙarƙashin daraktan wasanni aka mayar da shi ofishin kula da harkokin ɗalibai. Hakan ya ba shi 'yanci daga kociyoyin da suke ƙwace zaure duk lokacin da tawaga take bukata, amma ya bar shi da neman abin da zai ci. Amsar da aka samu ita ce harajin ɗalibai, wani ƙayyadadden kuɗi da ake ɗora wa kowa a kowane zango, ko yana shiga zauren ko ba ya shiga. Daga shekarun 1980 zuwa yau jami'o'in Amurka sun yi ta gasar gina manyan cibiyoyi da irin wannan kuɗi, domin sun gano cewa iyaye da 'ya'yansu masu zagayen zaɓen makaranta suna kallon zauren motsa jiki kamar yadda suke kallon ɗakin karatu. Wani lokacin abin yana wuce gona da iri. Jami'ar Jihar Louisiana ta sha suka a 2017 lokacin da ta buɗe cibiyar da aka kashe wa kimanin dala miliyan 85, mai ɗauke da wani rafin shaƙatawa da aka lanƙwasa da siffar haruffan sunan jami'ar, alhali jihar tana rage kasafin ilimi kuma babban ɗakin karatun makarantar yana bukatar gyara. Masu kare aikin sun ce ɗalibai ne suka amince da harajin, kuma ba a taɓa kuɗin koyarwa ba. Wannan gaskiya ne, amma ɗaliban da suka amince galibi sun gama sun tafi kafin a buɗe ginin, kuma waɗanda suke biya daga baya ba a tambaye su ba.

Michigan ma ta bi wannan hanya, ko da yake da nata salon. A 2013 hukumar gudanarwarta ta amince da harajin dala 65 a kowane zango don gyara gine-ginen ɗalibai, ciki har da na motsa jiki, bayan ƙungiyoyin ɗalibai sun nemi a yi hakan. Ginin harabar tsakiya na 1976 bai kai shekara hamsin ba aka rushe shi a 2023 don a gina sabo da aka ƙiyasta zai ci dala miliyan 165. Shi kuwa tsohon ginin titin Hoover ba a rushe shi ba. An rufe shi na wani lokaci, aka kashe masa fiye da dala miliyan 21, aka mayar da wasu daga cikin ƙananan ɗakunan nan masu bango huɗu wuraren injinan motsa jiki da darussan rukuni, aka bar babban zauren da dogayen tagoginsa, sannan aka sake buɗe shi a 2016. A 1928 masu sayen tikitin kallon ƙwallo ne suka biya kuɗin gininsa. A 2016 babban kaso na kuɗin gyaransa daga harajin ɗaliban da suke wasa a cikinsa ya fito.